Yadda za ku ɗora katalog ɗin laburarenku a kan Koha ba tare da sayen lasisi ba

A yawancin laburaren manyan makarantunmu littafin yana nan a kan kanta amma ɗalibi bai san yana nan ba, sai ya zo ya jawo durowar katako mai ƙananan katuna ya yi ta lalube, in bai gani ba ya tambayi ma'aikaci, in ma'aikacin da ya san wajen baya nan shikenan ya koma ya ce babu. Kundin digiri kuwa abin ya fi muni, an ɗaure su an jibge a wani ɗaki mai kwaɗo, wani yaro ya zo ya ɓata wata shida yana rubuta abin da aka riga aka rubuta a sashensu. Abin da ake so shine ɗalibi ya ɗauko wayarsa ya rubuta sunan littafi ko marubuci ya ga ko akwai, a wane ɗaki, a wace kanta, kuma ko wani ya ara. Manhajar da zan yi bayani a kanta sunanta Koha, kyauta ce, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke kowa zai iya dubawa ya gyara.

An fara rubuta ta ne a 1999 a ƙasar New Zealand, wani kamfani mai suna Katipo Communications ya yi wa laburaren yankin Horowhenua, ta fara aiki a watan Janairu na 2000, daga nan suka sake ta ga duniya ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta. Yanzu sau biyu a shekara ake fitar da sabuwa, a watan Mayu da Nuwamba, shi yasa zaka ga lamba irin 23.05 ko 23.11, shekara ce da wata. Akwai wasu irinta, Evergreen da aka yi a jihar Jojiya ta Amurka domin laburare masu rassa da yawa, da SLiMS ta Indunusiya wadda bata da nauyi, da FOLIO wadda sai manyan jami'o'i masu injiniyoyi a ajiye. Ni dai a ganina ga kwalejin ilimi ko foli ko jami'ar jiha Koha ta fi, dalili ɗaya tak, in ta ƙi aiki da tsakar dare zaka samu wanda ya taɓa cin karo da irin matsalarka ya rubuta maganin.

Kafin ka taɓa kwamfuta ku zauna da shugaban laburare da mai kula da katalog ku yanke abu biyu. Na farko wane tsarin jera littattafai kuke bi, na Laburaren Majalisar Amurka wanda jami'o'inmu suka fi amfani da shi ko na Dewey, duk wanda kuke kai ku tsaya a kansa, Koha tana ɗaukar kowanne, kar wani ya ce tunda za'a shiga kwamfuta bari a canza lambobin duka, wannan aikin shekaru ne kuma ba shi ya kawo ku ba. Na biyu wane tsarin rubuta bayanan littafi a kwamfuta za ku bi, MARC 21 ko UNIMARC, domin Koha za ta tambaye ka lokacin girkawa kuma canzawa daga baya wahala ce babba. A Najeriya MARC 21 za ka zaɓa. 'Yan uwa na Nijar su fara dubawa tukuna, domin laburaren da suka taso a tsarin Faransa da yawa UNIMARC suke bi, in daga can za ku riƙa jawo bayanan littattafai gara ku daidaita da su.

Sai na'ura. Ba sai an sayo wata sabar miliyoyi ba, saba ita ce kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai kowa ya riƙa shiga ta can, kwamfutar tebur mai lafiya da RAM 8GB da SSD ta isa laburare mai matsakaicin girma, amma ta zama ta wannan aikin ce kawai, ba wadda za'a riƙa buga takardar gayyatar biki a kanta ba. Abin da zai kashe ku shine wuta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu a rumbun bayanai yana iya lalacewa, saboda haka UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, dole ne, in da hali a haɗa da inbata ko sola, kuma a sa ta a ɗakin da ƙurar hunturu bata shiga sosai, duk bayan 'yan watanni a buɗe a busa. Wasu sun fi son su yi hayar saba a intanet su biya duk wata, hakan yana raba ka da matsalar wuta amma ranar da intanet ɗin makaranta ya tsaya ko aka manta ba'a biya ba, laburare ya tsaya cak. Idan tana cikin gida kuwa, ɗalibin da ke kan wayafai ɗin makaranta zai duba katalog ko babu data a wayarsa. Ka auna wanne ya fi damun ku.

Girkawar kanta bata kai yadda ake tsoronta ba. Ka saka tsarin Linux, Debian ko Ubuntu, irin na saba, ka ba na'urar adireshin IP tsayayye wanda baya canzawa, sai ka ƙara ma'ajiyar Koha ta debian.koha-community.org a jerin inda na'urar ke ɗauko manhajoji. Daga nan ka girka koha-common, wato Koha ɗin kanta, da mariadb-server mai riƙe rumbun bayanai, Apache mai fitar da shafuka a burauza zai biyo su. Ka buɗe fayil ɗin /etc/koha/koha-sites.conf ka raba ƙofofi biyu, domin Koha fuska biyu gareta, ta ɗalibai da ake kira OPAC da ta ma'aikata, yawanci ana barin ta ɗalibai a 80 ta ma'aikata a 8080, kuma ka tuna ka gaya wa Apache ya saurari 8080 ɗin, nan ne mutane da yawa suke maƙalewa su ce bata aiki. Ka kunna sassan Apache na rewrite da cgi da headers da proxy_http da umarnin a2enmod. Sannan ka rubuta koha-create --create-db da sunan laburarenku a gaba, gajere da ƙananan baƙaƙe ba tazara. Umarnin koha-passwd zai nuna maka kalmar sirrin shiga ta farko, ka buɗe burauza ka shiga fuskar ma'aikata, sauran tambayoyi ne da amsa. Ka kunna Plack mai ƙara wa Koha sauri da umarnin koha-plack tun yanzu, in ba haka ba shafuka za su riƙa jan ƙafa har ma'aikata su ce rajistarsu ta takarda ta fi sauri.

Waccan kalmar sirrin ta farko ta rumbun bayanai ce, da zarar ka ƙirƙiri asusun babban mai kula ka daina shiga da ita.

Yanzu saituna, kuma a nan mai katalog ya kamata ya zauna kusa da kai domin shi ya san gidan. Za ku shigar da rassa, babban laburare, na sashen shari'a, na likitanci in akwai. Za ku shigar da rukunin masu aro, ɗalibin digirin farko, na gaba da digiri, malami, ma'aikaci, baƙo. Sai nau'in kaya, littafin aro, na karantawa a ciki kawai, mujalla, kundin digiri. Sai dokar aro, wane rukuni zai ɗauki littafi nawa na kwana nawa da tarar da za'a ci in ya makara. Ku rubuta wannan duka a takarda shugaba ya sa hannu kafin a shigar, saboda gobe idan wani farfesa ya zo yana faɗa an ci shi tara kada ya zama kai ne ka ƙirƙiro dokar. Ku cika kalandar hutu ma, Sallah ƙarama da babba da ranakun da aka rufe makaranta, in ba haka ba manhaja za ta yi ta lissafa wa yara tara suna gida.

Toh duk abin da na faɗa zuwa nan aikin sati ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ainihin aikin shine shigar da littattafan, kuma nan ne ayyuka irin wannan suke mutuwa, an yi bikin buɗewa an ɗauki hoto, ka dawo bayan shekara ka tarar littafi ɗari uku ne a ciki.

Hanya mafi sauri ita ce kar ka rubuta abin da wani ya riga ya rubuta. Koha tana da hanyar da ake kira Z39.50 wadda take shiga katalog ɗin wasu laburare ta kwafo maka bayanan littafi, kuma ta Laburaren Majalisar Amurka tana cikin waɗanda ake samu tun wajen girkawa. Ka ɗauki littafin kimiyyar sinadarai da aka buga a Ingila ko Amurka, ka rubuta lambar ISBN ɗinsa, cikin daƙiƙu bayanan su sauko, ka duba ko bugun da ke hannunka ne domin bugu na uku daban da na biyar, ka ƙara lambar kanta da bakod, ka ajiye. Mutum ɗaya in intanet yana da kyau zai yi littattafai da dama haka a yini.

MARC ɗin da ake tsoro lambobi ne kawai na gidaje, wata mata Henriette Avram ce ta jagoranci tsara shi a Laburaren Majalisar Amurka a shekarun 1960. Waɗanda za ka riƙa taɓawa kullum basu da yawa, 020 na ISBN, 100 na marubuci, 245 sunan littafi, 264 ko 260 na inda aka buga da maɗaba'a da shekara, 300 yawan shafuka, 650 fannin da littafin ya shafa, 700 sauran marubuta, 050 ko 082 lambar jeri. Sai 952 wanda na Koha ne ita kaɗai, a nan ake rubuta kwafin da ke kan kanta, $a reshen da ya mallaka, $b inda yake yanzu, $o lambar kanta, $p bakod, $y nau'in kaya. Ka gane bambancin nan da kyau, bayanin littafi guda ɗaya ne ko kwafi ashirin kuke da su, kowane kwafi sai ya samu nasa 952. Sabon ma'aikaci yakan buɗe sabon bayani ga kowane kwafi, sai ɗalibi ya nemi littafi ɗaya ya ga layi ashirin iri ɗaya. Ka shiga wajen tsara fom ka ɓoye gidajen da ba ku buƙata, domin in mutum ya buɗe ya ga gidaje ɗaruruwa zuciyarsa karaya take.

Idan kuna da jerin littattafai a Excel, ko tsohon katalog na manhajar CDS/ISIS ta UNESCO da aka bari a wata kwamfuta, kada a zubar. Akwai MarcEdit na Terry Reese, shi ma kyauta, yana da sashen da zai karɓi shafin Excel ka ce masa wannan layin 245 ne wancan 100 ne, ya fitar maka da fayil ɗin MARC ka loda a Koha. Amma ka share shafin tukuna, domin zaka tarar an rubuta sunan littafi da na marubuci a gida ɗaya, shekara wani wajen 1987 wani wajen 87, lambar rajista ɗaya a kan littafi biyu. Ka fara gwadawa da layi hamsin, ka duba su ɗaya bayan ɗaya, in sun yi ka loda sauran kashi kashi, Koha tana bari ka janye kashin da ka loda in ka ga ɓarna. Kuma ka ajiye fayil a UTF-8, in ba haka ba duk ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya.

Sai littattafan gida, waɗanda a gaskiya su ne dalilin da yasa katalog ɗinku zai yi daraja. Littafin lissafi na Turai kowa yana da bayaninsa. Amma littafin da aka buga a Zariya tun zamanin Gaskiya Corporation, ko na marubutan Kano da aka buga a ƙaramar maɗaba'a ba ISBN ba shekara, ko takardun taron ƙara wa juna sani na sashen Hausa, ko littafin fikihu da wani malami ya wallafa da kuɗinsa, waɗannan da yawa ba za ka same su ta Z39.50 ba sai kai ka zauna ka rubuta da littafin a hannunka. Shawarata ku ware mutum ɗaya ko biyu mafi ƙwarewa su riƙe wannan ɓangaren, masu hidimar ƙasa da 'yan sanin makamar aiki su yi na kwafowa. Idan babu shekara a jiki ka duba gabatarwa ko hatimin ranar da littafin ya shigo laburare, ka sa ƙiyasinka cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya kamar yadda ƙa'idar katalog ta tanada, kar ka bar gidan fanko kuma kar ka rubuta shi kamar ka tabbatar. Ka sa lambar harshe, hau ta Hausa, ara ta Larabci, ful ta Fulfulde, domin da ita ne ɗalibi zai tace ya ga na Hausa zalla.

Sunaye kuma wata rigima ce. Marubuci ɗaya a littafi ɗaya Muhammad ne, a wani Muhammadu, a wani Mohammed, a wani M. kawai da sunan garinsu a baya, wani lokacin harda Alhaji ko Malam ko Dokta a gaba. In kowa ya shigar yadda ya gani, ayyukan mutumin za su warwatse gida huɗu. Koha tana da sashen tabbatattun sunaye, inda za ka zaɓi siga ɗaya ka ce ita ce ta hukuma, sauran ka jera su a ƙarƙashinta a matsayin waɗanda ke nuni zuwa gareta. Ku buɗe wannan tun ranar farko, kuma ku yanke yadda za ku yi da sunan gari da laƙabi ku rubuta a takarda ɗaya a manna a bangon ɗakin katalog.

Ga wani abu da sai an fara amfani ake ganewa. Kai ka rubuta sunan littafi daidai da ƙugiya, misali Tarihin Ƙasar kaza, shi kuma ɗalibi a wayarsa kasar zai rubuta da k ɗin Turanci, sai manhaja ta ce babu. Dalilin shine a wajen kwamfuta ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ne da aka ɗora wa alama ba, saboda haka dabarar da ke cire alamomin Faransanci bata taɓa shi. Kada ku warware wannan ta hanyar daina rubuta ƙugiya, ku rubuta daidai ku gyara injin nema. In Zebra kuke amfani da shi, wanda shine ke zuwa da Koha tun farko, ka duba cikin /etc/koha/zebradb/etc/ akwai fayilolin da ake gaya masa waɗanne haruffa zai ɗauka a matsayin ɗaya, ka ƙara ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, manya da ƙanana, sannan ka sake gina fihirisa da koha-rebuild-zebra -f. In ɗaya injin neman ne ma, Elasticsearch, ka gwada kafin ka yarda, ka nemi kasa ka nemi ƙasa ka ga ko sakamako ɗaya suke bayarwa. Ka ajiye kwafin fayil ɗin da ka gyara a gefe domin sabuntawa tana iya taɓa shi.

Na Larabci da ajami kuwa, MARC yana da gida 880 inda ake rubuta suna da haruffan asali a haɗa shi da 245 mai haruffan boko, kuma Koha tana nuna rubutun dama zuwa hagu lafiya lau. Ku yi duka biyun, domin ɗalibin sashen Larabci da Larabci zai nema, ɗan tarihi kuma da boko. Sai dai a nemi wanda ya iya karanta Larabcin da gaske ya zauna da mai katalog, ba a kwafi bangon ana zato ba.

Kundin digiri ku shigar da su a Koha kamar littafi, da gida 502 mai bayanin digirin da jami'a da shekara, sunan mai dubawa a 700. Wannan kaɗai zai sa a san me aka riga aka rubuta. Idan kuna son a karanta cikakken kundin ta intanet, wannan aikin wata manhaja ce daban mai suna DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, sai ka ɗora fayil ɗin a can ka sa adireshinsa a gida 856 na Koha, ɗalibi ya danna ya wuce. Amma kar ku haɗa ayyukan biyu lokaci guda in ma'aikatan basu da yawa, ku gama da katalog tukuna, kuma kafin a ɗora kundin kowa a fili makaranta ta fitar da ƙa'ida a rubuce.

Bakod abu ne mai sauƙi, Koha da kanta tana buga su a takardar manne, na'urar karantawa ta USB kuma kamar kibod kwamfuta take ɗaukarta ba sai an girka komai ba. Ku manna a cikin bango ku rufe da salatif mai haske, domin na waje zafi da hannu suna ɓare shi. Kada ku rufe laburare don wannan aikin. Ku fara da littattafan da aka fi ara, duk wanda aka dawo da shi kar ya koma kanta sai an shigar da shi, sannan ku bi kanta kanta kuna sa alamar alli a wadda aka gama. Sunayen ɗalibai ku karɓo daga ofishin rajista a fayil ɗin CSV ku loda gaba ɗaya, lambar rajistar ɗalibi ta zama lambar katinsa. Ku ɗauki abin da ake buƙata kawai, domin tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kuma kowane ma'aikaci ya samu asusunsa da iya izinin aikinsa, mai bada aro bashi da dalilin iya goge bayanin littafi.

Ajiyar kwafi dai don Allah. Koha tana yin kwafin rumbun bayanai kullum da kanta ta ajiye a /var/spool/koha, amma a kan na'urar guda take ajiyewa, kuma na kwanaki kaɗan take riƙewa, in faifan ya ƙone ko aka sace kwamfutar an tafi da kura da akuya. A sa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa kwashewa zuwa faifan waje duk sati a ajiye a wani ginin daban, wani kwafin kuma a tura intanet. Kuma lokaci lokaci a ɗauki kwafin a maido shi a wata kwamfuta da koha-restore a ga ko yana tashi, domin akwai kwafin da sai ranar buƙata ake gane fanko ne.

Sannan kar ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Sau da yawa yaro ɗaya ne ɗan hidimar ƙasa ya girka komai, ya gama shekararsa ya tafi da kalmar sirri a kansa, a bar laburare da akwatin da ba mai iya buɗewa. Duk abin da aka yi a rubuta a littafi guda, umarnin da aka buga, fayil ɗin da aka gyara, kalmomin sirri a ambulan a ofishin shugaba, kuma aƙalla ma'aikata biyu na dindindin su iya kunnawa da kashewa da maido da kwafi. Sabuntawa ba sai kun bi kowace fitowa ba, sau ɗaya a shekara lokacin dogon hutu ya isa, bayan an ɗauki kwafi an gwada a wata na'urar.

Idan kuka ci karo da kuskure a manhajar ko kuka yi wani gyara mai amfani, irin na haruffan ƙugiya ɗin nan, ku kai shi bugs.koha-community.org, a can ake kai rahoto kuma a can ake miƙa gyara wasu su gwada su amince kafin ya shiga fitowa ta gaba, in ya shiga kun huta da sake gyarawa duk bayan sabuntawa. Fassarar fuskar manhajar ma masu sa kai ne suke yi a translate.koha-community.org, wanda baya iya Perl, yaren kwamfutar da aka rubuta Koha da shi, amma ya iya Hausa zai iya bada nasa a can. Kuma in katalog ɗinku ya kai wani matsayi ku kunna OAI-PMH, wata hanyar raba bayanan katalog, da Z39.50 ta ɓangarenku, ta yadda makarantar da ke maƙwabtaka da ku za ta kwafi bayanin littafin Hausan da kuka sha wahalar rubutawa maimakon ta sake daga farko, ku ma ku kwafi nasu.